Amsa ga Malam: 'yan sandan ƙauye suna da amfani kuwa?

Malam, ka tambaya ko ɗan sandan ƙauye na tsinana wani abu. Wallahi yana yi, in ya zauna cikin mutane. Ni a Aboabo nake, nan Kumasi, amma mahaifina manomi ne a wani ƙauye wajen Ejura. Da shanu suka cinye masa masara, ɗan sandan ƙauyen bai kulle kowa ba. Kan babur ya zo, ya taka gonar da ƙafarsa, sannan ya zaunar da Baba da makiyayin gaban Sarkin Zango, aka yanke diyya.

Damuwata ɗaya: sun yi kaɗan, ga hanya ba kyau da damina. Ka karɓi lambar wayar ɗan sandan ƙauyenku, ka riƙe 191 ma, lambar gaggawa ta 'yan sandan Ghana.