Tiyatar ƙara girman nono: Shin aikin sau ɗaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 34, na shayar da 'ya'ya uku, kuma tun da na yaye na ƙarshen nonona ya zube, abin yana damuna matuƙa. Ina tunanin a yi mini tiyatar da ake saka jakar silikon a ciki. Shin idan an yi shi ke nan har abada? Idan kuma Allah ya ba ni wani cikin, zan iya shayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Damuwarki ba abin kunya ba ce, kuma kin kyauta da kika yi tambaya tun kafin ki kwanta a gadon tiyata.

Jakar ba ta zama har ƙarshen rayuwa, kuma wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Tun da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara saka ta a birnin Houston na Amurka a 1962, an yi ta inganta ta, amma har yau tana tsufa, tana kuma iya tsagewa. Akwai wadda ake cikawa da ruwan gishiri, akwai kuma ta silikon. Wadda aka cika da ruwan gishiri idan ta fashe, nonon yakan sace cikin 'yan kwanaki, jiki kuma ya shanye ruwan. Ta silikon kuwa takan tsage shiru mace ba ta sani ba, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a ɗauki hoton cikin jiki na MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6 da saka ta, sannan a riƙa maimaitawa duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Ko da jakar ba ta tsage ba, jiki yakan kewaye duk wani baƙon abu da wata fata mai kama da tabo, wadda a wasu matan takan yi kauri ta matse jakar har nonon ya yi tauri, ya karkace, ya riƙa ciwo, kuma sau da yawa maganinsa wata tiyatar ce. Akwai kuma wani nau'in ciwon daji na garkuwar jiki, wanda ba kasafai ake samunsa ba, da aka danganta shi da jakunkuna masu kaushin baya, wanda saboda shi ne kamfanin Allergan ya janye wasu daga kasuwa a 2019. Mace mai shekarunki, a ganina, ta shiga da sanin cewa da wuya ta ƙare ba ta koma ɗakin tiyata ba.

Sai wani batu da ba ki tambaya ba, amma ya shafe ki. Jakar tana ƙara cika ne kawai, ba ta ɗaga nonon da ya kwanta sosai. Idan kan nonon ya sauka ƙasa da inda nono ya haɗu da ƙirji, abin da likita zai duba shi ne tiyatar ɗagawa, wadda ake rage fatar da ta saki, kuma tana barin tabo mai tsawo.

Game da shayarwa, mata da yawa suna shayarwa lafiya bayan aikin, musamman idan an yanka ta ƙarƙashin nonon aka ajiye jakar a bayan tsokar ƙirji. Yankan da ake yi a kewayen kan nono ya fi taɓa jijiyoyi da hanyoyin ruwan nono, don haka ruwan yana iya raguwa. Tunda kuma ciki da goyo suna sake canza surar nono, ina ba ki shawarar ki jinkirta har sai kin gama haihuwa.

Idan kin yanke shawarar yi, ki nemi ƙwararren likitan gyaran jiki mai rajista, a asibitin da ke da likitan sa barci. Ki karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfanin jakar da lambarta ki adana, domin lokacin da aka gano a 2010 cewa kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, sanin irin jakar da ke jikin mace ne ya nuna ko abin ya shafe ta. Duk ranar da za ki yi hoton binciken sankarar mama kuma, ki gaya wa mai ɗaukar hoton cewa akwai jaka a ciki, domin tana iya ɓoye wani sashe na nonon.