Na ninka girman tanki, shawar bene har yanzu tsiyaya take

Tambaya: Salamu alaikum. Gidana bene ne mai hawa ɗaya a Banifandu, nan Yamai. Tanki yana zaune kan dal ɗin sama. Robinen ƙasa suna zuba da ƙarfi, amma shawar sama sai ta riƙa tsiyaya kamar bakin buta. Na cire tankin lita 1000 na sa na lita 2000, ba abin da ya sauya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sabon tankin ya ƙara maka ajiya don ranar da aka ɗauke ruwa, amma ƙarfi ba ya cikin cinikin. Abin da ke tura ruwa cikin tiyo shi ne tsayin da ke tsakanin saman ruwan tanki da bakin da zai fito. Faɗin tanki ba ya shiga lissafin ko kaɗan. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar 1, wato ma'aunin matsin ruwa.

Auna naka gidan. Kan shawa yana kamar mita 2 daga daɓe, rufin ɗaki kuma mita 3. Ke nan gindin tankinka mita ɗaya da ƴan kai ya ɗara kan shawar. In tankin ya cika maƙil, ka samu mita biyu da rabi, kusan bar 0,25. In ya kusa ƙarewa, sai ya sauko wajen 0,1. Robinen ƙasa kuwa yana da mita 6 zuwa 7 na ruwa a kansa, shi ya sa yake feshi. Za ka ma lura shawar ta fi dama-dama da asuba, bayan tanki ya kwana yana cika.

Kafin ka sake kashe ko dala, ɗauko bokiti mai lita 10 da agogo. Kwance kan shawar, ka buɗe ruwa a bokitin. In ya cika cikin minti ɗaya ko kusa da haka, tiyonka lafiya lau, kan shawar ne ya toshe ko bai dace da ƙaramin matsi ba. Ruwan farko da ke dawowa bayan yankewa yakan zo da laka da yashi, su taru a ƴar ragar da ke wuyan shawa. Wanke ta, ka jiƙa kan cikin binegar dare ɗaya. Manyan kawunan nan masu faɗin faranti, da robine mai hannu ɗaya mai gauraya zafi da sanyi, an ƙera su ne don matsin bar 1 zuwa sama. A gida irin naka ado ne kawai.

In bokitin ya haura minti biyu, laifin yana cikin tiyo. Ruwa yana gogar jikin tiyo yana tafiya, kuma kowace gwiwa tana cin nata rabo daga ɗan matsin da kake da shi. Masu aiki da yawa suna sauko da tiyon robar nan da ake kira PPR, mai lamba 20 (wato faɗinsa na waje milimita 20), tun daga tanki don ya fi araha, alhali raminsa na ciki milimita 13 ne kacal. Mai lamba 32 yana da rami wajen milimita 21, hanyar ruwansa ta ninka ta wancan sau biyu da rabi. Tsarin da ya dace: a fito daga tanki da 32 ko 40, a rarraba da 25, sai dab da robine a koma 20. Banɗakin sama a ja masa layinsa daban daga tanki, in ba haka ba da an buɗe pampon tsakar gida, layin ƙasa zai janye ruwan. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani: in mai haɗa PPR ya bar shi ya daɗe a kan ƙarfen zafi, ko ya danna shi fiye da kima, robar takan narke ta yi leɓe a ciki. Sai an yanka mahaɗin a ga ramin da fensir ma ba ya shiga.

In ruwan yana tari yana tofi, musamman bayan tanki ya ƙafe a watannin zafi, iska ce ta maƙale inda tiyo ya hau sannan ya sauka. Matsin mita ɗaya ba ya iya korar ta. A gyara layin ya riƙa gangara, a kuma sa tiyon shaƙar iska a mafitar tanki, wanda bakinsa ya ɗara saman tankin.

Gyaran gaske biyu ne. Na farko, ɗaga tanki kan ƙafafun ƙarfe: mita 3 za ta ƙara maka bar 0,3, kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Sai dai lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankinka cike tan biyu ne, kuma ƙafafu huɗu za su tattara nauyin a wuri huɗu. Dole su sauka daidai kan ginshiƙan gini, ba tsakiyar dal ba, kuma injiniyan gini ya duba tukuna. A ɗaure tankin da kyau, don iskar farkon damina a Yamai ba ta raga wa tankin da babu ruwa ciki.

Na biyu, ƙaramin injin tura ruwa mai tashi da kansa in an buɗe robine, a ɗora shi bayan mafitar tanki, da mataci a gabansa da abin da ke kashe shi in ruwa ya ƙare. A daidaita shi tsakanin bar 2 da 3. Kada a haɗa shi kai-tsaye da layin kamfanin ruwa: zai janye rabon maƙwabta, kuma in matsin layi ya faɗi, yana iya zuƙo ruwan ƙazanta ta duk inda tiyon titi ya tsage.