Amsa ga Yayana: Ummu Halil da Ummu Ali a Bakin Mutanen Masar

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na ga tambayarka game da dalilin da ya sa maƙwabta a nan Alƙahira suke kiran maiɗakina da sunan ɗanmu na fari, har ita ma takan ambaci sunan ba tare da wata alkunya ba, alhali kuwa Inna har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa furta sunanka ba. Mu da muka daɗe a nan mun ɗauki wannan al'ada ne daga Misirawa, waɗanda a wurinsu kiran mace da Ummu wane girmamawa ce da ta fi kiran sunanta na yanka. Ban san abin da zai fayyace maka nauyin wannan laƙabi kamar labarin Shajaratud Durri, macen da ta taɓa mulkin Masar, ba.

Ba 'yar Masar ba ce. Baiwa ce, wasu sun ce Baturkiya, wasu sun ce 'yar Armeniya, kuma ta shiga gidan Salihu Najmuddini Ayyuba tun kafin ya hau gadon sarautar Masar a 1240. Ta zauna tare da shi a lokacin da aka tsare shi a Karak, wani gari da ke ƙasar Jordan ta yau, ta haifa masa ɗa mai suna Halil, sai ya 'yanta ta ya aure ta. Yaron ya rasu yana jariri. Ka duba, Yaya, mace ce wadda ba ta da uba ko ɗan'uwa ko dangi a ƙasar da take zaune, kuma ɗan da ya kamata ya zama tushenta ya riga ta gidan gaskiya, amma duk da haka da sunansa take sa hannu a takardun mulki, ana kiranta mahaifiyar Halil. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa mini zuciya a duk labarinta.

A 1249 sarkin Faransa Luwis na Tara ya ci garin Dimyat na Masar da yaƙi, sannan mijinta ya rasu a garin Mansura cikin watan Nuwamba, abokan gaba suna bakin ƙofa. Ta ɓoye rasuwar, aka ci gaba da kai abinci ɗakinsa ana fitar da umarni da sunansa, har ɗan mijinta Turanshah ya iso. Aka karya rundunar Faransa, aka kama Luwis a 1250. Da bayin sarki suka kashe Turanshah, sai suka naɗa ta, aka yi huɗuba da sunanta, aka buga kuɗi da laƙabinta, ta yi kwana tamanin tana mulki kafin halifan Bagadaza ya ƙi amincewa da sarautar mace. Daga nan ta auri Aibak, ɗaya daga cikin manyan bayin, ta miƙa masa sarauta.

Aibak yana da uwargida, uwar ɗansa Ali. A 1257, da Shajaratud Durri ta ji yana neman auren 'yar sarkin Mosul, sai ta sa aka kashe shi a wurin wanka, abin da ba zan nema mata uzuri a kansa ba ko kaɗan. Ali ya gaji ubansa, kuma an ruwaito cewa kuyangin uwarsa ne suka yi ta dukan kishiyar da takalman katako har ta cika. Misirawa suna cewa uwargidan ta sa aka haɗa gurasa da madara da sukari aka raba wa jama'a don murna, wai shi ne asalin abincin nan Ummu Ali da ka ci a gidana da azumi, wanda yanzu ake barbaɗa wa zabibi da kwakwa a gasa a tanda. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin zancen baka, ko da yake kusan kowa a unguwarmu haka yake ba da shi.

Hubbarenta yana nan a unguwar Halifa, kusa da na Sayyida Nafisa da na Sayyida Ruƙayya, kuma a jikin mihrabinsa an zana itaciya mai 'ya'yan lu'ulu'u, wato ma'anar sunanta ke nan. In Allah ya kawo ka baɗi, can zan fara kai ka kafin mu wuce Azhar.