Kasafi da abin da aka kashe ba sa haɗuwa a Excel

Malam, ka ce kana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole ta Damagaram, ka zuba kasafin shekara a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, amma kowane wata gibin da ke fitowa ba ya ba ka ma'ana. Ina ganin ka raba jimillar shekara gida 12 daidai wa daida ne. Damagaram ba haka take ciniki ba. Watan azumi sukari da mai suna tashi, lokacin kaka kuɗi na hannun mutane, da damina kuwa ciniki ya kwanta. Ka ba kowane wata rabonsa bisa littafinka na bara.

Gibin kuma kada ka bar shi dunƙule. In ka tsara sayen buhu 100 a jaka 20 kowanne, sai ka sayi 90 a jaka 23, kwamfuta za ta nuna ƙarin jaka 70 kawai. Alhali tsadar farashi ta ci maka jaka 270, ragin buhuna ya ɓoye 200. Wannan rabewar ita ce za ta nuna maka inda kuɗin ke zuba.

Kayan Kano kuwa, ka buɗe musu layin canjin naira da sefa daban, don Allah.