Hukuncin Ajiye Kifin da Aka Kamo Daga Tafki a Akwatin Gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka da iyalina. Na je fatsa da yarana, muka kamo kifi biyar irin wanda ake kira bulugil, muka zuba su a akwatin gilashi mai cin lita 40. Ɗaya ya daina cin abinci, wutsiyarsa ta yayyage, kullum yana maƙure a lungu. Wani ɗan'uwa a masallaci ya ce haramun ne tsare abin da Allah ya halitta a sake. Ina da niyyar idan za mu zo gida hutu in juye su a wani tafki kusa da mu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kamun kifi halal ne, cinsa halal ne, wanda ya kamo shi kuma ya mallake shi. Wannan babu saɓani.

Maganar ɗan'uwan nan tana da asali. An ruwaito daga Ibnu Aƙil, malamin Hanbaliyya, cewa ya hana tsare tsuntsu a keji don jin daɗin kukansa, yana ganin wauta ce da azabtarwa. Sai dai hujja ba ta tare da shi. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani, da ya mutu ma har ya tambaye shi labarinsa yana lallashinsa, bai ce me ya sa aka tsare shi ba. Tsuntsun nan kuwa na daji ne, don haka rarrabewa tsakanin wanda aka saya a kanti da wanda aka kamo ba ta da tushe. Masu cewa haramta farauta a Madina ya shafe hadisin, ko da an sallama musu, wannan hukuncin hurumin Madina ne, bai taɓa tafkin Ohayo ba. Balle kifi, wanda ko mai harami da Hajji an halatta masa kamunsa a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa da masu hana tsarewa suke kafa hujja da shi, a duba lafazinsa: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Laifin yana ga yunwar. Idan kuma an ce ai ado ne kawai, Allah da kansa ya ambaci ado cikin amfanin dawaki da alfadarai da jakuna a Suratun Nahli.

To amma ni abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne kifin nan na lungu. Shi ne ya sauya hukuncin a kanka. Bulugil, ga wanda bai san shi ba, faffaɗa ne kamar karfasa, yana kai tsawon tafin hannu ko ya wuce, namijinsa kuma mafaɗaci ne, yakan share gurbi a ƙasan ruwa ya hana kowa raɓarsa. A tafki wanda aka kora yana da wurin gudu. A lita 40 ina zai je? 'Yan'uwansa ne suke cizonsa, kai kuma ka rufe masa hanya. Barinsa haka kana kallo bai halatta ba, ko na kwana ɗaya. Ka raba shi da su yau. In kana son ci gaba da kiwon, ka nemi akwati mai lita 200 ko fiye, da na'urar tace ruwa, da duwatsu da itacen da mai rauni zai laɓe, ka rage yawansu. Kada ka zuba musu ruwan famfo sai ka kashe sinadarin kulorin da ke ciki. Abincinsu ƙwari ne da tana, ba su san garin abincin kifi na kanti ba sai a hankali. In aljihunka ba zai ɗauka ba, ka soya su ku ci da yara, wannan ya fi tsare su cikin wahala.

Batun juye su a wani tafki kuwa, ina hana ka. Kifin da ya zauna a akwati yana iya ɗaukar cuta ya kai wa na waje, kuma ba kowane ruwa ne nasa ba. A 1960 magajin garin Shikago ya ba Yarima Akihito na Japan kyautar irin wannan kifi, ya bazu a ruwayen ƙasar har Tafkin Biwa, yana cinye ƙwai da 'ya'yan kifayen asalin ƙasar. A 2007, yana Sarki, ya fito ya bayyana baƙin cikinsa a kan haka. Cutar da jama'a haramun ce ko da niyya mai kyau.

Ba ka faɗa mini ko kana da lasisin fatsa ba. Ka shiga ƙasar nan da alkawarin bin dokarta, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. Jihohi sun sha bamban kan ɗaukar kifi da rai da kuma sakinsa, sai ka duba littafin dokokin kamun kifi na jiharku kafin ka sake jefa ƙugiya.

Sannan tun yanzu ka nemi wanda zai riƙa ciyar da su idan kun taho, domin kifin nan yana iya shekara biyar a hannunka. Ka ɗora wa babban yaronka ciyarwar safe, ka gaya masa amana ce da za a tambaye shi, amma kai ka riƙa bin sawu, don alhakin yana wuyanka.

Wallahu a'alam.