Me ya sa katakona ke tsagewa idan na turara shi?

Tambaya: Malam, ni kafinta ne a Na'ibawa 'Yan Katako. Wani masunci daga Tiga ya ba ni aikin kwalekwale mai lanƙwasassun haƙarƙari. Na turara madaci kamar yadda na ga maƙeran jiragen ruwa na Turai suna yi, amma da na lanƙwasa sai ya tsage. Ina matsalar take?

Amsa: Maigida, laifin na madacin ne kafin na tururin. A cikin itace akwai wani sinadari, liginin, wanda ke riƙe zaruruwansa kamar gam. Zafi da laima ne ke sassauta shi, idan ya huce sai ya sake ƙamewa a sabuwar siffa. To amma ba kowane itace ke yarda ba. Maƙeran Ingila da Amurka farin oak, wani itacen ƙasashensu, suka fi amfani da shi, ɗanye kuma, mai miƙaƙƙen zare. Madaci da iroko zarensu a sarƙe yake, ga shi wanda ke kasuwa iskar Kano ta riga ta busar da shi ƙayau, balle da hunturu.

Turarawar kanta aikin madambaci ne: tukunya na tafasa, tiyo na kai tururi cikin dogon akwatin katako, zafi ya kusa digiri 100. Ka bar 'yar ƙofa tururi ya riƙa fita, kada ka toshe ruf. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce awa 1 ga kowane inci 1 na kauri. Da ka zaro shi, minti ɗaya zuwa biyu gare ka, don haka a kafa ma'aunin lanƙwasar, wato abin da za a lanƙwasa katakon a kansa, tun da wuri, yaran shago na tsaye da safar hannu.

Duba inda naka ya tsage, na tabbata ta bayan lanƙwasar ne. Cikin yana jure matsi, bayan kuwa ba ya jure ja. Shi ya sa ake ɗaura siririn ƙarfe a bayan, a tokare bakinsa biyu, dabarar da Michael Thonet, wani kafinta Bajamushe, ya shahara da ita a kujerarsa ta 1859. Ka ɗan zarce da lanƙwasar, domin yana ja da baya idan an sake shi.

Da ni ne kai, da madaci a hannuna, ba zan ɓata itacen girki wajen turara shi ba. Yanka shi falle-falle, kaurin kamar milimita 4, ka shafa gam mai jure ruwa irin epoxy, ka matse su a kan ma'auni har ya bushe. Farin gam na kujeru kada ya kusanci wannan aiki, ruwan Tiga zai ɓamɓare shi.