Kafin ka kai wa NVIDIA wuta, duba Intel tukuna

Na ga saƙonka jiya da daddare bayan na koma Agege, ka ce laftof ɗin tokunbo da kwastoma ya bari a shago gem na ta jan ƙafa a kai, ka ɗora sabon direban NVIDIA, wato manhajar da ke sarrafa katin girafik ɗin, sikirin ya yi baƙi, shi ne kake tambaya wai ko katin ya mutu ne ka gaya wa mai shi a gasa bod. To ɗan ƙanena ajiye injin iska mai zafin nan tukuna, ba mu kai can ba wallahi.

Abin da ka manta shi ne irin wannan laftof ɗin girafik biyu gare ta, akwai na Intel da ke cikin firosesa sannan ga NVIDIA daban a kan bod, tsarin da suke ce wa Optimus, tun 2010 NVIDIA ta fito da shi. Kuma a yawancinsu sikirin ɗin ba da NVIDIA yake haɗe ba, da Intel yake haɗe. NVIDIA ita ke dafa abincin amma Intel ke ɗaukar kwanon ta kai gaban mai ci, idan mai kai kwano ya gurgunce ko me aka dafa ba zai iso ba. Shi ya sa kake ta fama da ɓangare ɗaya alhali wataƙila ɗayan ne ke da ciwo.

Gobe in ka buɗe shago fara da Device Manager, ka buɗe Display adapters, dole ka ga suna biyu. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter to ɗaya daga cikinsu ba ta da direba kwata-kwata, kuma irin waɗannan tokunbo da ake zuba wa Windows a gaggauce a nan Otigba, kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, sau da yawa haka suke zuwa, an yi fomat an miƙa wa mai saye shikenan. In sikirin ya yi baƙi kana cikin aiki danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, zai ɗan yi ƙara ya sake tada direban, wani lokaci hoton ya dawo.

Sannan gyaran kansa, kuma a nan ne jeri yake da muhimmanci, kar ka juya shi. Ka fara sauke direbobin biyu ka ajiye a filash, na Intel ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin za ka ɗauko da lambar modal ɗinta, don su kan taɓa shi ya dace da nasu tsarin. Sai ka kashe intanet gaba ɗaya, eh gaba ɗaya, har hotspot ɗin wayarka, don muddin akwai data Windows Update zai lallaɓo ya ɗora nasa direban kafin ka gama sai ka rasa wanne ne ke aiki. Shiga Safe Mode, sa DDU, wato Display Driver Uninstaller, manhajar goge direban girafik, ya share na NVIDIA ya share na Intel, ristat, ɗora Intel farko, ristat, sannan NVIDIA. Kuma ka duba sunan katin da kyau kafin ka sauke, na laftof daban na destof daban, sannan tsofaffi irin su GT 750M tun 2019 aka daina yi musu sabon direba, in ka ɗauko na bana ba zai shiga ba ko ka kwana kana dannawa.

Maganar gem na jan ƙafa kuma ba lallai ma direba ba ne. Buɗe Task Manager wajen Performance za ka ga GPU 0 da GPU 1, kunna gem ɗin ka kalli wacce ke motsi. In Intel ce ta cika NVIDIA na kwance a sifili to gem ɗin ne bai san hanya ba, je Settings, System, Display, Graphics, zaɓi gem ɗin ka sa masa High performance. Ka kuma tambayi mai ita ya kawo cajar da yake amfani da ita a gida, wannan abin mutane na raina shi, laftof mai son wat 150 ko fiye a haɗa ta da 'yar caja mai wat 65 da aka saya a bakin titi, dole ta rage gudu, a batiri kaɗai ma haka take yi. Buɗe bayanta ka ga fanka, ƙurar da ke taruwa a ciki kai ma ka sani, ka share ka canza man da ke kan cif ɗin in ya bushe.

To yaushe za ka ce katin ya mutu da gaske? Idan ka yi duk wannan tsaf, direban da ya dace, amma NVIDIA na nuna alamar rawaya da Code 43, ko laftof ɗin na daskarewa da zarar aiki ya koma kanta, nan ne za mu fara zargin bod. Amma layi-layi a sikirin tun daga tambarin farko kafin Windows ta tashi, a irin wannan tsarin ni sikirin ko wayar da ta haɗa shi da bod ko RAM nake fara tuhuma, don lokacin Intel ce ke nuna hoto. Haɗa ta da monita ta HDMI ka gwada, sai dai ka sani a wasu na gem ramin HDMI ɗin kai tsaye yake zuwa NVIDIA.

Ko da ta mutu ni ba na son gashin nan, yakan tashi na ɗan lokaci ne ya sake kwantawa, mai ita ya dawo yana mana ihu a gaban shago. Gara ka gaya masa gaskiya, a kashe NVIDIA a Device Manager ko a BIOS in akwai zaɓin, laftof ta ci gaba da aiki da Intel, burauzin da aikin ofis duk za ta yi, gem mai nauyi ne dai babu. Kuɗin aiki kuma kar ka yanke masa sai na iso na gani.